ALKAWARIN ƘASA A MAKARANTUN ISLAMIYYA: ARO NE KO SATAR FASAHA?

Wannan shi ne jawabin da wani malamin balaga da adabin Larabci ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman makarantun Islamiyya, wanda aka yi a farfajiyar wata makaranta da ke unguwar Nassarawa GRA a birnin Kano. Abin da ya jawo zaman shi ne wani saɓani da ya taso tsakanin malamai da iyayen yara. Wata makaranta ce ta ɗauki Alkawarin Ƙasa, wanda yara suke karantawa da safe kafin shiga aji, ta mayar da shi Hausa, ta cire sunan Nijeriya ta sa Musulunci a gurbinsa, ta ƙara masa rantsuwa da Allah a farko, sannan ta buga shi a bangon littattafan rubutu da sunan hedimasta a ƙasa a matsayin wanda ya tsara. Wasu iyaye suka ce wannan satar fasaha ce tsagwaronta, wasu kuma suka ce ai aikin lada ne, tunda an ɗauko abin duniya an mayar da shi na Allah. A sha karatu lafiya.

BUƊE JAWABI

Bayan ya yi godiya ga Allah (T), ya yi salati ga Manzon tsira (S) da alayensa da sahabbansa, Malam ya fara da jan hankalin mahalarta cewa kada a cakuɗa mas'aloli. Ya ce maganar hukuncin karanta Alkawarin Ƙasa shi kansa daban take, kuma ba ita ta tara jama'a a wannan rana ba. Abin da ke gabansu tambayoyi uku ne. Na farko, shin ɗaukar tsarin maganar wani a zuba masa sabuwar ma'ana sata ce? Na biyu, idan ba sata ba ce, a wane lokaci take komawa sata? Na uku, shin shigo da sunan addini cikin lamarin yana sauƙaƙa shi ne, ko yana ƙara masa nauyi?

Ya ce amsar da zai bayar gajeruwa ce, amma hujjojinta ne suke da tsawo: “'Yan uwa, aro halal ne, kuma magabatanmu sun yi shi da rana tsaka. Abin da ke mayar da aro sata shi ne ɓoye mai kaya. Wanda ya ari riga ya je biki bai yi laifi ba. Laifin yana farawa ne ranar da aka yaba rigar, ya ce shi ya saƙa ta.”

ASALIN ALKAWARIN NIJERIYA

Malam ya ce kafin a yi maganar satar abu, wajibi ne a san mai shi. Ya tambayi mahalarta ko akwai wanda ya san wanda ya rubuta Alkawarin Ƙasa. Da aka yi shiru, sai ya ce wannan shirun shi ne rabin matsalar, domin abin da ake karantawa kowace safiya kusan shekara 50 ya zama kamar ruwan sama, kowa na tara ba ya tambayar daga ina.

Ya bayyana cewa wata malamar Jami'ar Legas ce ta rubuta shi, mai suna Felicia Adebola Adedoyin, 'yar asalin garin Saki a jihar Oyo ta yanzu. An fara buga rubutun nata a jaridar Daily Times ranar 15 ga Yulin 1976, watanni biyar bayan kisan Janar Murtala Muhammad. Aka kai wa shugaban mulkin soja na lokacin, Janar Olusegun Obasanjo, ya yi masa 'yan gyare-gyare, sannan a watan Satumba na wannan shekara gwamnati ta ba da umurnin a riƙa karanta shi a makarantu. An ba matar lambar girmamawa ta ƙasa ta OON a 2005, ta rasu a 2021. Ya ƙara da cewa ko da aka sauya taken ƙasa a watan Mayun 2024, aka koma wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, alkawarin yana nan ba a taɓa shi ba.

Abin lura a nan, in ji Malam, shi ne abin da ya sa ta rubuta shi. 'Ya'yanta sun yi karatu a Amurka da Ghana, sun saba da karanta alkawarin waɗannan ƙasashe a makaranta, da suka dawo gida suka ga babu irinsa. Ke nan ita kanta dabarar a jera yara da safe su yi wa ƙasa alkawari da baki ɗaya, aro ce daga waje. Amma kalmomin nata ne, kuma labarin inda ta samo tunanin ba ɓoyayye ba ne. Shi ya sa babu mai hankalin da ya taɓa kiran ta ɓarauniya.

YADDA ABIN YA FARU A AMURKA

Daga nan Malam ya ce bari a bi sawun giwa zuwa inda ta fito. Alkawarin da yaran Amurka suke yi wa tutarsu an fara yaɗa shi ne a watan Satumbar 1892, a wata mujallar yara ta birnin Boston mai suna The Youth's Companion, domin bikin cika shekara 400 da isar Kolombus nahiyar. Wanda aka fi jingina wa rubutun shi ne Francis Bellamy, wanda limamin coci ne kafin ya koma aikin mujalla. Majalisar ƙasar ta sa alkawarin cikin dokar tuta a 1942, sannan a 1954, zamanin Shugaba Eisenhower, aka ƙara masa kalmomi biyu masu ambaton Ubangiji, domin su bambanta kansu da 'yan gurguzu na Tarayyar Sobiyat.

Ya ce mujallar ta buga alkawarin ba tare da sunan marubuci ba, kuma wannan sakaci ya haifar da rigimar da ta daɗe. Iyalan wani ma'aikacin mujallar mai suna James Upham suka ce mahaifinsu ne ya rubuta. Sai da aka kafa kwamiti a 1939 ya ba Bellamy gaskiya, a 1957 kuma masu bincike na ɗakin karatu na Majalisar Amurka suka ƙara tabbatar masa. Duk da haka ƙura ba ta lafa ba, domin a 2022 wasu masu bincike sun tono wata jarida ta jihar Kansas ta watan Mayun 1892 ɗauke da lafazi kusan iri ɗaya, watanni kafin lokacin da Bellamy ya ce ya zauna ya rubuta nasa. Malam ya ce a duba yadda rashin rubuta suna a layi ɗaya ya bar mutane cikin jayayya sama da shekara 130. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma takarda ba ta mantuwa.

Ya ce abin da ya fi kama da mas'alar da ke gabansu shi ne abin da Kiristocin Amurka suka yi. A 1897 wani mai kula da makarantar Lahadi a birnin New York, Charles Overton, ya kawo shawarar tutar Kirista: farin ƙyalle, da shuɗin gurbi a kusurwa, da jan gicciye a cikinsa. A 1908 wani limamin ɗarikar Methodist mai suna Lynn Harold Hough ya tsara wa wannan tuta alkawari a kan ƙirar alkawarin ƙasarsu, ya bar buɗewar yadda take, ya sauya abin da ake yi wa alkawarin. Har yau makarantun coci da yawa a can suna karanta na ƙasa, su biyo shi da na tutar Kirista, wasu su ƙara da na Littafinsu. Ba a tuhumi Hough da sata ba, saboda duk yaron da ya ji nasa ya san inda aka ɗauko, ana ma karanta su ne a jere, ɗaya bayan ɗaya. Kamar da ke tsakaninsu ita ce manufar, ba abin kunya ba ne da ake rufewa.

ABIN DA MALAMAN BALAGA SUKA FAƊA

Malam ya ce bai kawo labarin Amurka don ya zama hujja ga Musulmi ba. Ya kawo shi ne don a ga cewa tambayar ba sabuwa ba ce. Hujjar Musulmi kuwa tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano tun kaka da kakanni.

Ya ce malaman adabin Larabci sun buɗe babi guda a kan satar waƙa, sun yi masa filla-filla. Alƙali Al-Jurjani ya rubuta littafin Al-Wasaɗa domin shiga tsakanin Mutanabbi da masu zargin sa da sata. Ibnu Rashiƙ na Ƙairawan ya ware wa mas'alar babi a cikin Al-Umda. Al-Khaɗib Al-Ƙazwini, wanda ya rasu a shekara ta 739 bayan Hijira, ya rufe Talkhisul Miftah da ita, kuma wannan littafi ne Imam Suyuɗi ya waƙe a Uƙudul Juman, wanda ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa suka sani sarai.

A taƙaice, in ji shi, sun raba abin gida uku. Gida na farko shi ne ma'anonin da kowa ya yi tarayya a cikinsu, kamar kamanta jarumi da zaki ko mai kyauta da kogi. Wannan babu mai shi, babu kuma sata a cikinsa. Alkawarin yin gaskiya da riƙon amana da biyayya yana cikin wannan gida, domin tun kafin a haifi Nijeriya da Amurka mutane suke yi wa juna irinsa. Gida na biyu shi ne mutum ya kwashe lafazin wani gaba ɗaya, ko ya sauya kalma ɗaya ko biyu da masu kama da su, sannan ya ce nasa ne. Wannan sun kira shi sata abar zargi, ba su yi masa uzuri ba. Gida na uku shi ne saka maganar wani cikin taka da gangan, wanda suka kira talmini idan baitin waƙa ne, iƙtibasi idan daga Alƙur'ani ko Hadisi ne. Wannan sun ɗauke shi ado.

Ya ja hankalin mahalarta ga sharaɗin da Ƙazwini ya sa wa talmini, ya ce a nan mabuɗin mas'alar yake. Sharaɗin shi ne mai aron ya yi nuni da cewa aro ya yi, sai dai idan abin da ya ara ya shahara a wajen masana balaga har ba ya buƙatar nuni. Ke nan ma'aunin shi ne sanin mai sauraro. Idan wanda ake karanta wa ya san mai kaya, babu yaudara. Idan bai sani ba, wajibin mai aro ne ya sanar da shi.

Malam ya ƙara da cewa Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, kuma ya yi musayar wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, ya ɗauki lamarin da zafi har ya rubuta risala sukutum mai suna Al-Fariƙ bainal Musannifi was Sariƙ, wato mai rarrabe marubuci da ɓarawo, saboda wani ya kwashe masa littattafai bai ambace shi ba. Shi kansa Suyuɗin yawancin littattafansa cike suke da maganganun wasu, amma yakan faɗi mai maganar da littafin da ya ciro. Malamai tun kafin shi sun tafi a kan cewa albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita.

ARO A ƘASAR HAUSA

Da ya dawo gida, Malam ya ce mutumin Kano bai kamata ya ji tsoron kalmar aro ba. Ya nuna da hannu ya ce ga Gidan Ɗan Hausa nan kusa da inda suke zaune, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko ta Nassarawa a 1909. Baƙaƙen da aka koyar a can na Rumawa ne, aka ara aka rubuta Hausa da su, har ga shi yau da su ake buga tafsiri da fiƙihu. Kafin su kuma baƙaƙen Larabci aka ara aka yi ajami. Babu wanda ya ce an saci haruffa, domin babu wanda ya ce shi ya ƙirƙira su.

Ya kawo misalin tahamisi, inda mawaƙi yake ɗaukar baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa uku nasa a sama, ya zama biyar. Ishiriniyar da ake rerawa a Kano lokacin Mauludi ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, amma da tahamisin Ibnu Muhibbi ake karanta ta, kuma sunayen mutanen biyu suna tafiya tare da littafin. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Fulatanci ya yi ta, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma an kiyaye wa kowa haƙƙinsa. Shehu Abdullahi na Gwandu kuwa littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wajensu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. A Masar ma, da Ahmad Shauƙi ya bi ƙirar Burda ta Busiri a farkon ƙarni na 20, sai ya sa wa tasa suna Nahjul Burda, ya sanar da aron tun daga take.

Ya ce misalin da ya fi dacewa da ɗauko abin duniya a mayar da shi na addini shi ne Imfiraji ta Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, makahon malamin nan da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, wanda ya rasu a 1990. Karin waƙar daga Caji aka ɗauko shi, kiɗan da samari suke yayi a zamaninsa. Ya bar karin da kunne ya saba da shi, ya zuba masa wa'azi da begen Manzo (S). Mutanen zamaninsa sun san Caji, don haka sun san abin da ya yi, kuma sanin ne ya ba waƙar ƙarfinta. Haka kuma a nan Kano an yi ƙungiyar masu bandiri da ake kira Ushshaƙu Indiya, masu ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su mayar da su yabon Annabi (S). Malamai sun yi saɓani a kan dacewar hakan, amma ba a ce sun yaudari kowa ba, tunda sunan ƙungiyar ma ya faɗi inda suka ɗauko.

TO INA LAIFIN MAKARANTAR?

Malam ya ce idan aka ɗora mas'alar makarantar a kan wannan ma'auni, za a ga kowane ɓangare na iyayen yana da rabin gaskiya. Ɗaukar ƙirar Alkawarin Ƙasa a yi na makaranta da ita ba sata ba ce. Kuma da an bar shi da Turanci ana karantawa bayan na ƙasa, da shahararsa ta wadatar, domin kowane yaro zai gane. Amma an fassara shi zuwa Hausa, fassara kuwa tana ɓatar da sawu. Yaron aji ɗaya da mahaifiyarsa da ba ta yi boko ba ba za su gane cewa jimlolin nan bi da bi suke tafiya da na wata mata a Legas ba. Daga nan nuni ya zama wajibi. Sai kuma aka zo aka rubuta sunan hedimasta shi kaɗai a matsayin mai tsarawa. A wannan layin ne aro ya koma sata.

Ya tunatar da aya ta 188 a Suratu Ali Imrana, wadda take gargaɗin masu son a yabe su a kan abin da ba su aikata ba, da kuma hadisin Asma'u 'yar Abubakar (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka kamanta mai nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya. Ya ce babu inda aka togace cewa idan mai kayan ba Musulmi ba ne, ko idan za a yi aikin addini da kayan, to ƙaryar ta halatta. Kyakkyawar niyya ba ta wanke ƙarya, kamar yadda ba a gina masallaci da bulon sata.

Ya ce abin takaici shi ne alkawarin da aka buga ɗin yana koya wa yara gaskiya da amana ne. Ranar da yaro ya girma ya gano cewa takardar da ta koya masa amana ita kanta ba ta riƙe amana ba, to ba hedimasta kaɗai zai raina ba, har da darasin. Kayan aro ba ya rufe katara, balle a ce an yi musun aron.

HAƊARIN DA YA FI SATA GIRMA

Malam ya ce akwai abu biyu da iyayen ba su tayar ba, alhali sun fi maganar sata nauyi a wajensa.

Na farko shi ne jingina wa addini abin da ba nasa ba. Yaron Islamiyya yana haddace azkar da addu'o'i da hadisai a tsaye a layi ɗaya, da murya ɗaya. Idan aka cusa masa wannan alkawari a tsakiyarsu ba tare da bayani ba, zai tashi yana zaton shi ma daga Sunna yake. Bayan shekara 20 sai a ji shi yana koya wa nasa ɗaliban a matsayin abin da aka ruwaito, wal iyazu billah. Ya ce al'ummar da malamanta irin su Abdullahi ɗan Mubarak suka ɗauki isnadi a matsayin wani yanki na addini, bai dace a same ta da sakaci a nan ba. Wanda ya ɓoye sunan marubuciya ya zalunci mutum ɗaya. Wanda ya bar yara suka zaci maganar mutum maganar Manzo (S) ce, ya buɗe ƙofar da ta fi wannan muni nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne rantsuwar da aka ƙara a farko. Ya ce Alkawarin Ƙasa alkawari ne, yana ƙarewa da neman taimakon Ubangiji, amma ba a gina shi a kan lafazin rantsuwa ba. Da makarantar ta sa “wallahi” a bakinsa, ta fitar da shi daga babin alkawari ta shigar da shi babin yamini, wanda yake da hukunci a fiƙihu. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta bayyana kaffarar wanda ya karya rantsuwa: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Ƙananan yara ba mukallafai ba ne, amma a manyan azuzuwa akwai waɗanda suka balaga, ga kuma malaman da suke jan baƙi suna faɗa tare da su. Wane ne zai iya rantsewa kowace safiya cewa ba zai saɓa ba har yamma? Ya ambaci aya ta 224 a Suratul Baƙara da ta yi hani ga mayar da sunan Allah abin yawan rantsuwa, ya ce sabar wa yaro da “wallahi” a kan abin da ba zai iya cikawa ba yana rage wa kalmar kwarjini a zuciyarsa.

Ya ce idan makaranta tana son abin da za ta gina tarbiyya a kai, ga mubaya'ar Aƙaba a cikin Sira, ga kuma aya ta 12 a Suratul Mumtahana da ta jero sharuɗɗan mubaya'ar mata: barin shirka, da sata, da zina, da kashe 'ya'ya, da ƙage, da saɓa wa Manzo (S) a cikin alheri. A karantar da su a matsayinsu na aya da tarihi. Ya yi murmushi ya ce a lura, barin sata shi ne na biyu a jerin.

MAGANAR DOKA

Game da dokar ƙasa, Malam ya ce a bambanta haƙƙin mallaka da satar fasaha. Haƙƙin mallaka magana ce ta izini da kuɗi, kuma yana da wa'adi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ba rubutun adabi kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, ta sa fassara da sauya fasalin rubutu cikin abubuwan da ake neman izini a kansu, ta kuma tabbatar wa marubuci haƙƙin a ambaci sunansa. Satar fasaha kuwa magana ce ta gaskiya da ƙarya, ba ta da wa'adi. Waƙoƙin Nana Asma'u sun wuce shekarun kariyar doka, kowa na iya bugawa, amma wanda ya ce shi ya yi su maƙaryaci ne ko bayan shekara 1,000. Ya shawarci duk makarantar da za ta buga irin wannan abu ta sayar, ta fara tuntuɓar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.

TAMBAYOYI

Wani dattijo daga cikin iyaye ya miƙe ya ce: “Allah ya gafarta Malam, yanzu sai mu rubuta sunan wadda ba Musulma ba a bangon littafin Islamiyya?” Malam ya amsa da cewa: “Baba, Allah ya ƙara girma. Littattafan nahawu da tafsiri cike suke da baitocin mawaƙan Jahiliyya, da sunayensu, Imru'ul Ƙaisi da Zuhairu da sauransu, malamai ba su goge ko ɗaya ba. Faɗin mai magana shaida ce, kuma an umurce mu da yin shaida da adalci ko a kan wanda muka saɓa da shi. Idan sunan ya yi wa makaranta nauyi, to ta bar kayan, ta rubuta nata.”

Wata malama daga ɓangaren mata ta aiko da takarda tana tambayar ko kalma nawa za a sauya kafin rubutu ya zama na mutum. Malam ya ce babu adadi. Ma'aunin shi ne a ajiye biyun gefe da gefe. Idan jimla tana bin jimla, ma'ana tana bin ma'ana a jere ɗaya, to ƙirar ta mai ita ce ko da an sauya kowace kalma, kamar yadda gida yake na maginin da ya fitar da fasalinsa ko an sake masa fenti. Idan kuwa tunanin yin alkawarin kawai aka ɗauka, aka zauna aka tsara wani daga tushe, to wannan na wanda ya tsara ne.

Wani matashin malami ya tambaya ko wajibi ne a ƙona littattafan da aka riga aka buga. Malam ya ce a'a, almubazzaranci ne, kuma iyaye sun biya kuɗinsu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A yi hatimi ko ƙaramar takarda a manna, a kuma yi wa yara bayani a fili.

RUFEWA

A ƙarshe Malam ya taƙaita shawararsa cikin abu huɗu. A rubuta a ƙasan alkawarin cewa an gina shi a kan Alkawarin Ƙasa na 1976 wanda Felicia Adedoyin ta rubuta, sunan hedimasta ya zo a matsayin mai fassara da gyarawa. A cire lafazin rantsuwa, a sa lafazin niyya da neman taimakon Allah. A raba shi da azkar a lokacin karantawa, a gaya wa yara ƙarara cewa tsarin mutane ne, ba aya ba ce ba kuma hadisi ba. Sannan duk makarantar da Allah ya hore wa masu alƙalami, ta gwada rubuta nata daga tushe da Hausar da yara za su ji a jikinsu.

Ya ce malamin da ya tsaya gaban yara ya ce musu wannan magana ta wance ce, mun ara mun gyara, ya koya musu amana a aikace fiye da abin da alkawarin zai koya musu a shekara guda. Ya roƙi Allah (T) ya sa a dace, ya shiryi zuriya, ya ba malamai ladan wahalarsu. Bayan haka aka yi addu'a, aka sallami jama'a gab da kiran sallar Azahar.